Sakin da Baba Arzika Ya Yi a Ɗakin Yayata

Mijin yayata, Malam Nata'ala mai maganin ɓera, Allah ya jiƙansa, murya Allah ya ba shi ya hana shi jiki. In ka ji sallamarsa daga zaure sai ka gyara zama kana jiran wani ƙato ya shigo, sai ka ga ɗan siririn mutum, hula ta fi ƙarfin kansa, yana tafe yana laluben aljihu kamar wanda ya yar da wani abu. Bai yar da komai ba, haka Allah ya yi shi. Ni Safara'u ƙanwar matarsa ce, wasa ne tsakanina da shi tun ina yarinya, saboda haka duk abin da zan faɗa a nan na faɗa masa a gaban idonsa. Yakan yi dariya kuma, wani lokaci bayan kwana biyu, in maganar ta samu ta isa.

A wani ƙauye kusa da Taura aka haife shi, gidan noman gero da dawa, da 'yan tumaki a bayan gida. Ƙauyenmu yana kan hanyarsu ta zuwa Ringim. Wata ranar kasuwa mahaifinsa ya ba shi rago ya kai, shi kuma don kada ragon ya kufce sai ya ɗaure igiyar a ƙugunsa. To, ragon ya fi shi nauyi. Suna zuwa daidai rijiyarmu ragon ya hango ruwa ya fizge shi, ya ja shi a ƙasa har gaban Yaya Gaji, ya ture tulunta ya fashe. Yaya ta ce ita abin da ta fara gani na mijinta tafin ƙafarsa ne.

Washegari sai ga shi da sabon tulu, wai ya zo ba da haƙuri. Aka karɓa, aka yi masa godiya. Ranar kasuwa ta zagayo, sai ga shi da wani tulun, wai yana ganin kamar na farkon yana yoyo. Haka ya yi ta yi, ba ya cewa komai, ya ajiye tulu ya gaishe da Baba ya tafi. Da ya kawo na bakwai, Baba ya dubi tulunan jere a gindin danga ya ce masa, yaro, mu ba sayar da ruwa muke yi ba, in da magana ka turo manyanka. Har ya mutu Malam Nata'ala yana rantsuwa shi haƙuri kawai ya je bayarwa, bai san yadda aka yi ta zama aure ba.

Shekara goma sha huɗu suna ƙauye. Da aka ba mu jiha aka ce Dutse ce hedikwata, ya zauna ya yi tunani irin nasa, ya ce duk inda mutane suka taru ɓera ma zai taru. Kowa ya yi masa dariya, amma wannan karon ya yi daidai. Suka tattara a casa'in da biyu suka kama gida a Yalwawa, ya sa tire a ka yana zaga gari da sababbin ofisoshi yana shelar maganin ɓera. Abokan sana'arsa lasifika suke ratayawa, shi ko ba ya bukata. Bayan shekara biyu aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Dutse, ni ma na samu koyarwa a firamare, muka zauna gida biyu tsakaninmu da su.

A wajen wannan shela Kamilu ya ji shi. Kamilu mai zanen allon shaguna ne, ya yi karatun zane, kuma wata ƙungiya ta wayar da kan jama'a ta ba shi kyamara ya riƙa yi musu katun. Aikin nan wahala ce zalla. Zai zana mutum a kwali, ya yanke hannu daban, ƙafa daban, baki kala biyar, ya ɗan motsa hannun ya ɗauki hoto, ya ƙara motsawa ya ƙara ɗauka. Wata guda cur yake yi kafin ya samu abin kallo na minti goma. Ya riga ya zana magidancin shirin, wani mai tumbi da guntun gemu mai suna Baba Arzika, da matarsa Inna Safina da yaransu, murya ce kawai ya rasa. Ya tare Malam Nata'ala a bakin titi ya yi masa bayani sau uku. Malam ya ce ya gane. Da ya dawo gida ya ce wa Yaya wani yaro ya ɗauke shi aikin yi wa kwali magana.

Kamilu yana son shirin farko ya nuna asalin Baba Arzika da yadda ya yi aure, amma bai ƙirƙiro komai ba tukuna. Ya tambayi Malam ko yana da shawara. Malam ya zaci nasa auren ake tambaya, ya kwashe labarin rago da tulu bakwai ya ba shi, har da abin da Baba ya ce. Abin nema ya samu. Kaset ya fita, masu shayi da masu shago suka riƙa sawa a bidiyo, yara da manya suna faɗuwa don dariya. Ni da na gani na riƙe baki, don kuwa ga rijiyarmu nan, ga dangarmu, ga mahaifinmu an yi masa hanci kamar ludayi.

Daga nan kan Malam ya fara ɗaurewa. Asalin Baba Arzika nasa ne, murya tasa ce, aure nasa ne, amma tumbin da rashin jin magana ba nasa ba ne. A gari ba mai kiransa da sunansa kuma. Tsohuwa za ta tare shi ta ce, haba Baba Arzika, da girmanka ka yanka gidan sauron yara ka yi komar kifi? Sai ya tsaya sororo ya ba ta haƙuri. Ya dawo gida ya tambayi Yaya ko gidan sauronsu yana nan. Na sha ce masa, Malam, kai fa mutum ne, wancan takarda ce. Ya ce ya sani, amma in takardar ta yi laifi shi ake tarewa a hanya.

Muryar Inna Safina wata yarinya ce take yi, Zakiyya. Da shari'a ta zo a shekarar dubu biyu, iyayenta suka janye ta. Ban ga laifinsu ba. Ɗakin da Kamilu yake ɗaukar magana katifu ya jingina a bangonsa don kada ƙarar waje ta shiga, kuma rufe ƙofa ake yi. Ka je ka yi wa mutanen unguwa bayanin budurwa da maza biyu a ɗaki mai katifa huɗu, mu gani. Kamilu ya nemi wata mace ya rasa, sai dabara ta faɗo masa: ai ba mai cewa komai in mutum ya yi magana da matarsa a ɗakinta. Yaya Gaji ta ƙi, ta ƙi, sannan ta yarda. Aka koma ɗauka a gidansu da rana, a rataya barguna a taga, Kamilu ya zauna a bakin ƙofa da rikodarsa. Yaya ba ta yi boko ba, ni nake karanta mata layi ta haddace. Wallahi ta fi Zakiyya iyawa, don ita ba kwaikwayo take yi ba, faɗan da ta saba yi masa take yi.

Shekara guda muna haka lafiya lau. Sai aka kawo shiri a kan illar saurin saki. Baba Arzika zai saki Inna Safina saboda gishiri ya yi yawa a miya, daga baya ya sha wuya da girki da yara, ya je biko yana kuka. Ni na karanta takardar nan tun daga farko har ƙarshe, ni mai taƙama da boko, ban ga komai ba sai abin dariya. Har yau in na tuna haushin kaina nake ji.

Ranar wata Asabar ce da hantsi. Suna zaune suna fuskantar juna, abin ɗaukar magana a tsakiyarsu. Malam ya faɗi layin, na sake ki, sai dariya ta ƙwace masa, Kamilu ya ce a sake. Ya faɗa na biyu, zakaran maƙwabta ya yi cara a kai. Kamilu ya ce ko ba zakara ma wannan ba ta yi ba, babu zafi a ciki, kamar mai tallan magani.

"Baba, ka tuno wani abu da ta taɓa yi maka wanda ya ƙona maka rai," in ji shi. "Ka riƙe shi a zuciya, sannan ka faɗa."

 Ni idona yana kan takarda ina neman layin Yaya na gaba. Sai na ji Malam ya faɗa, a hankali, ba da muryar nan tasa mai cika unguwa ba. Kamilu ya ce yauwa, ita ke nan. Yaya ta faɗi nata layin daidai, ba ta yi kuskure ba, aka ƙarasa aiki aka ci ɗanwake.

Bargo ba ya hana maƙwabta ji. Kafin la'asar magana ta zaga Yalwawa cewa Nata'ala ya saki Gaji. Bayan salla wani matashin malami mai wa'azi a masallacin unguwa, Malam Sadisu, ya ja shi gefe ya tambaye shi ko da bakinsa ya faɗa. Ya ce da bakinsa. Ga matarsa? Ya ce tana gabansa dai. Sau nawa? Malam, da yake ba ya iya ƙarya, ya ƙirga da yatsu ya ce uku. Malam Sadisu ya ce inna lillahi, saki ba a yi masa wasa, da gaske da wasa duk ɗaya ne, igiya uku ta tsinke, Gaji ta haramta gare shi sai ta auri wani.

Ya shigo gida, ko in ce ya tsaya a zaure yana sallama kamar baƙo. Na fita na same shi ya cire hula yana juya ta. Ya tambaye ni, tsakanina da Allah, wa ya saki wa? Na ce Baba Arzika ne ya saki Inna Safina. Ya ce to ai Baba Arzika ba shi da baki sai nasa, Inna Safina kuma ba ta da kunne sai na Gaji.  Shekara ashirin da uku na aure ne a kan layi ɗaya na takarda.

Kwana goma sha ɗaya aka yi a haka. Ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure. Yaya ba ta san ko matar aure ce ko mai idda ba, ba ta san ko ta sa mayafi a tsakar gidanta ko ta cire ba, ba ta san ko ta tafi gida ko ta zauna ba. Ta dafa abinci ni nake miƙa masa. Shi kuma ya ajiye tire ya shiga yawon tambaya, duk wanda ya gani da rawani ko da littafi a hannu sai ya tsayar da shi. Wannan ya ce uku ne. Wancan ya ce ɗaya ne tunda zama ɗaya aka yi. Wani ya ce babu ko ɗaya. Wani ya ce shi tun daga zanen ma bai yarda da lamarin ba, a tuba tukuna a zo a yi maganar saki. Wani mai faci kuma ya ce ai Kamilu ne ya yi sakin tunda shi ya rubuta. Malam yana dawowa da kowace amsa yana jera mini su, kuma duk wadda ya ji ta ƙarshe ita yake ganin gaskiya. Kamilu ya rame, kullum yana ƙofar gida yana cewa shi ya jawo. Na ce masa e, kai ka jawo, da ni.

Abin da ya fi ɗaure mini kai Yaya ce. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi masifa, ita da ba ta barin ko-ta-kwana. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta yi shara, ta yi wanki, ta yi shiru.

Maigidana ne ya ce mu daina tara amsoshi, mu je Ringim wurin Malam Uwaisu, dattijon da mahaifinmu ya yi karatu a makarantar gidansu, duk abin da ya ce shi ke nan. Muka tafi mu huɗu, da rikoda. Maza suka zauna a zaurensa, ni da Yaya muna daga bayan ƙofar cikin gida inda muke ji. Ya sa aka yi masa bayanin katun, ya tambaya ko kwalin yana ci yana sha, aka ce a'a. Ya sa aka kunna kaset, ya saurari duka ukun, ya ce a maimaita.

Sannan ya ce gaskiya ne saki ba a yi masa wasa, amma akwai bambanci tsakanin mai wasa da matarsa da mai ba da labarin wani. Ya ce shi kansa shekara hamsin yana karantar da babin saki a wannan zaure, yana faɗin kalmar nan da bakinsa, iyalinsa suna ji daga ciki, ba wadda ta taɓa haɗa kayanta. Wanda ya ɗauko maganar wani ya faɗa, ba shi ya yi ta ba. 

Ya juya ga Malam Nata'ala ya tambaye shi na farko maganar wa ce. Ya ce ta Baba Arzika. Ta biyu fa? Ya ce ta Baba Arzika ce, har da zakara. Ta uku fa?

Ina jin ƙarar tsabar kuɗin da yake lalube a aljihu.

"Allah gafarta Malam, wallahi ban sani ba. Na so in faɗa a matsayinsa. Amma da na buɗe baki ban san wanda ya fito ba."

Malam Uwaisu ya ce to, aure tabbas ne, wannan kuwa shakka ce, shakka ba ta rushe tabbas. Ya ɗaga hannu zai yi addu'a a tashi. Na damƙi hannun Yaya don murna, sai na ji ta zame shi.

"Allah gafarta Malam," in ji ta daga bayan ƙofa, "in shi bai sani ba, ni na sani. Biyun farko na kwali ne. Na ukun nawa ne."

Na ce Yaya! a hankali, na ja mayafinta, ko kallona ba ta yi ba. Malam Uwaisu ya ce saki a hannun miji yake, ba a hannun mai ji ba, saboda haka shi zai sake tambaya. Ya tambaya. Malam Nata'ala ya ce Gaji ba ta taɓa kuskuren muryarsa ba, kuma yanzu da ta faɗa shi ma ya ji haka ne. A wannan daƙiƙar ita yake nufi. Malam Uwaisu ya ce to ɗaya ya faɗa, saura igiya biyu, kuma tana cikin idda, in yana so ya mayar da ita yanzu ga shaidu. Malam Nata'ala bai bari an rufe baki ba ya ce ya mayar da ita. Aka shafa fatiha.

A motar dawowa maza suna gaba, mu muna can baya. Raina a ɓace yake, kuma ni ba na iya riƙe magana. Na ce mata, Yaya, wannan wace irin wauta ce, dattijo ya wanke ku tas, da kin bar kaza cikin gashinta me zai ci ki? Kin zubar da igiya guda a banza. Ta dubi taga har muka wuce gonaki da yawa, sannan ta tambaye ni ko na ga inda ya kalla lokacin da ya faɗi na ukun. Na ce takarda nake dubawa. Ta ce ba ita ya kalla ba, bayanta ya kalla, ƙusurwar gado.

Akwai abin da ban faɗa muku ba, domin a gidan ba a faɗarsa. Suna da auta, Khadijatu. Shekarar sanƙarau, casa'in da shida, ta kwanta da zazzaɓi ranar da Malam zai tafi ƙauye ganin gona. Ya ce wa Yaya da safe ta kai ta asibiti. Yaya ta ga kamar jikin ya yi sauƙi, ta ba ta jiƙo, ta ce bari ta jira ya dawo. Kafin ya dawo wuyan yarinya ya sanƙare, aka kai ta a makare. A wannan ƙusurwar ta yi jinyarta. Malam bai taɓa cewa uffan ba, da aka zo gaisuwa ya ce kwana ne ya ƙare, daga ranar kuma ba wanda ya ƙara jin sunanta a bakinsa.

"Shekara biyar ina jira ya faɗa mini," in ji Yaya. "Ko zagi ne, ko duka ne. Ya haɗiye, ni ma na haɗiye. Ranar nan ya fito. Da na bar Malam Uwaisu ya ce ba komai ba ne, da mijina ya sake haɗiye shi, mu mutu a haka."



Mun isa gida rana ta yi sanyi. Malam Nata'ala ya naɗe tabarmarsa a zaure, ya rungumo ta, ya shigo tsakar gida ba sallama. Yaya tana ɗaki tana cire bargunan da muka rataya a taga, ni ina kama mata. Ya zo bakin ƙofa ya tsaya da tabarma a hammata, bai shigo ba, bai koma ba.

"Gaji," ya ce, "Khadijatu, da tana nan, yanzu shekararta nawa?"

"Goma sha ɗaya," in ji Yaya.

Ya ajiye tabarmar ya zauna a bakin gado. Na ɗauki mayafina na fita, na ja musu ƙofa.